Birki, Mai Ɗaurin Motoci

Tun kafin hatsarin ake kiransa Birki. A garejin kamfanin safa aka raɗa masa sunan, inda ya yi shekaru yana jan doguwar mota. Kowace safiya, kafin ma ya gaisa da mutane, sai ya hau kujera ya taka birki, ya kasa kunne ya ji hucin iska, sannan ya leƙo ta taga ya daka wa makanikai tsawa. Makanikai ba sa ƙaunarsa. Kwandastoci na addu'ar kada a haɗa su da shi. Fasinjan da ya tsaya sayen ruwa kuwa sai dai ya hango bayan mota. Mutum ne da ba ya wasa da aiki, ba ya kuma yafe kuskuren kowa.

Ranar da abin ya faru, tun a gareji ya ji birkin ya yi laushi. Ya faɗa wa manaja. Manaja ya ce ko ya tashi motar ko ya ajiye makulli, ga direbobi nan a benci suna jira. Ya tashi motar. A wata gangara da ke ƙarewa a bakin kasuwa ya taka, ƙafarsa ta tafi har ƙasa. Mutane sun mutu, na cikin motar da na waje, har da yara. Shi ya fito da karayar ƙugu. A kotu manaja ya ce bai tuna an yi wata magana da safe ba. Makanikan da suka sha zaginsa suka shiga ɗaya bayan ɗaya, kowa ya rantse lafiya lau motar ta bar hannunsa. Aka ɗaure shi. Kafin ya fito matarsa ta rasu, 'yarsa tilo ta yi aure, sunan nan kuma ya zama abin da ake faɗa a bayan idonsa ana danne dariya.

Ƙanensa ne ya karɓe shi, ba don daɗi ba, sai don kada dangi su yi da shi. Yana da shagon gyaran kwamfuta a wani layin shaguna, tsakanin tela da mai sayar da caja.

"Yaya, ba sai ka yi komai ba," in ji shi. "Ka zauna daga ciki. In na fita ka ce wa mutane ina dawowa. Kada dai ka taɓa kayan kowa."

Aka ba shi lungun bayan kanta, inda akwai kujerar roba, da fankar da wuyanta ya daina juyawa, da matattun kwamfutoci jibge har kusa da rufi. Nan ya riƙa zama yana zura wa kwastomomi ido kamar zai tambaye su takardun mota. Da ƙanen ya ga ana fara tsarguwa, sai ya zaro wata tsohuwar kwamfuta da mai ita ya yi watsi da ita, ya tashe ta, ya dangwara masa a gaba.

A cikinta akwai wani wasa. Za a ba ka fili da ƙananan garuruwa, ka shimfiɗa titi da layin dogo, ka sa motoci, ka kafa tashoshi, garin ya riƙa girma gwargwadon yadda ka iya kwashe mutanensa. Birki ya yi makonni yana wasan da yatsu biyu, yana tsaki. Tsarin bai dame shi ba, motocin ne suka tsaya masa a rai.

"Dubi wannan," ya ce wa ƙanensa. "Wa ya taɓa ganin safa da ƙofa a kan taya? Wanda ya zana wannan ko tasha bai taɓa shiga ba."

"To ka zana taka mana, Yaya, tunda ka fi su sani. Kowa ma yana iya ƙara tasa."

Da gatse ya faɗa. Birki bai ji gatsen ba.

Aikin ya fi yadda ya zata. Mota guda sai an zana ta ta fuska takwas, ɗigo bayan ɗigo, domin duk inda ta juya a titi akwai hoton da wasan zai nema. Bayan hoto sai a rubuta ɗan fayil mai ɗauke da sunanta, gudunta, nauyinta, yawan kujeru, da shekarar da za ta fara fitowa. Daga nan sai a kira wata 'yar manhaja marar ado, baƙin allo kawai da farin rubutu, a ba ta umarni ta ɗaure hoton da bayanin su zama fayil ɗaya, irin wanda wasan ke iya karantawa. Shi ake jefawa a foldar ƙari. Motarsa ta farko da baya ta zagaye gari, saboda ya juya jerin hotunan. Ta biyu ta fito a cikin wani akwati ruwan hoda, don bai san launin da ake shafa wa bayan hoto don ya ɓace a wasan ba. Ƙanen ya kira tela ya zo ya gani, suka yi dariya har tela na riƙe ciki. Birki bai ɗago kai ba. Kafin shekara ta zagayo yana da safa iri-iri, kowace da madubinta da tsaninta na hawa rufi.

A intanet akwai zauren masu wannan wasa, wanda wani da suke kira Injiniya ya buɗe. Birki ya shiga da sunan Tsohon Direba, bai faɗa wa kowa komai game da kansa ba. Zauren na da ƙunshi guda na kowa da kowa, inda ake tara motoci da jirage da gadoji da tashoshin da 'yan zaure suka zana. Ƙunshin a hargitse yake. Mutum biyu za su ba motocinsu suna ɗaya, ta baya ta haɗiye ta farko. Wani zai turo tirela da aka rubuta mata kan da babu shi a duniya, wasan ya tsaya cak tun a bakin ƙofa. Injiniya yana da aiki da iyali, ya gaji. Da ya lura akwai wani tsoho da ke nan safe da yamma, sai ya miƙa masa riƙon ƙunshin.

Birki ya share gida. Ya raba foldoji, ya ware na hotuna da na bayanai da na abin da aka gama ɗaurewa. Ya kafa doka a kan suna: kowa ya fara da alamarsa, kuma duk abin da aka riga aka saki ba a sake taɓa sunansa na ciki har abada, domin da wannan sunan ne garuruwan da mutane suka adana ke gane motocinsu. Duk abin da aka turo sai ya ɗaure shi da hannunsa, ya gwada shi a wani filin gwaji, kafin ya shiga. Wasan ya daina tsayawa. Wannan kowa ya shaida.

Amma abin da ya ƙi karɓa ba ya mayar wa mai shi a ɓoye. Sai ya hura hoton ya yi girma, ya zagaye kuskuren da ja, ya liƙa a tsakiyar zaure.

"Tayar baya ta fi ta gaba. In jaki ka zana ka faɗa mana, mu buɗe masa folda."

"Wannan jirgin ya fi gadar da zai hau nauyi. Gidanku ma haka kuke gini?"

Wata mata ta turo tashar da ta yi wata guda tana zanawa, ya rubuta mata kalma ɗaya: "Goge." Ba ta sake magana a zauren ba. Wani lokacin shi ne ma ke da kuskure, a kawo masa hoton motar gaske a nuna masa, sai ya ce hoton ne ya karkace. Mutane suka riƙa haɗiyewa saboda ba mai son ɗaukar wahalar da yake ɗauka.

Mutum ɗaya ce ba ya yi wa haka. Malama tsohuwar malamar firamare ce da ciwon ƙoda ya ajiye. Ba ta zane, wasa kawai take yi. Duk ranar wankin ƙoda takan tafi asibiti da 'yar kwamfutarta ta cinya, hannu ɗaya a jikin na'ura, ɗayan yana shimfiɗa titi. Gari ɗaya take ginawa shekara da shekaru, mai kogi a tsakiya, kuma kusan duk motocin cikinsa na Birki ne. Ita ta roƙe shi ya zana mata ƙaramar motar 'yan makaranta, ya zana. Daga rubutu suka koma waya. Shi ke koya mata inda za ta jefa sabon ƙunshi, da abin da za ta goge.

"Malam Direba, layin asibiti ya cika yau. Mutane na tsaye a tasha kamar an kori kasuwa."

"Ƙara mota biyu, Malama. Amma ki raba musu lokacin tashi, kada su bi juna kamar tumaki."

Ƙanen yakan jiyo shi daga gaban shago ya ce, "Ashe Yaya murya biyu gare ka."

Rigimar ta taso ne daga wani da ake kira Mai Gada, saboda gadoji yake zanawa, masu kyau kuwa. Ranar da ya gwada zana safa karo na farko, irin wadda Birki ya ja a da ya zaɓa. Birki ya zagaye tagoginta da ja, ya ce sun yi yawa, ya ƙara da cewa mutum ya tsaya a abin da ya iya, kada a wayi gari ya zana wa uwarsa keke. Mai Gada ya ce tagogin daidai suke. Aka yi ta ja. Don ya kashe maganar, Birki ya zaro wani tsohon hoto daga jakarsa, ya sa ƙanen ya ɗauka masa da waya, ya liƙa a zaure. Ga shi nan da ƙuruciyarsa, hannu a kan madubi, ga motar a bayansa, ga lambarta ɓaro-ɓaro.

"Ƙirga," ya rubuta a ƙasa.

Mai Gada bai ƙirga taga ba. Lambar ya ɗauka ya shiga bincike, ya kuwa faɗa kan tsohon labarin jarida, da hoton motar kwance a kan rumfunan kasuwa, da laƙabin direban.

Mai Gada ya ɓoye abin da ya gano, ya duƙufa aiki. Ya zana motar nan ta fuska takwas, da gaba a lotse, gilashi a farfashe, da jan fenti a kan taya. Zanen ya yi kyau, ba inda za a zagaye da ja. A fayil ɗin bayani ya ba ta gudun jirgi, a gurbin ƙarfin birki ya sa sifili. Ya sa mata suna Motar Birki. Ya liƙa ta a zaure tare da labarin jaridar, ya rubuta: "Baba, ga gudummawata. A duba mana ko tagogin sun yi daidai."

Birki na zaune a lungunsa da kofin shayi ya gani. Ya karanta har ƙarshe, da sunayen waɗanda suka mutu, waɗanda rabonsa da jin su tun a kotu. Kafin ya ajiye kofin, fuskokin dariya sun fara zubowa a ƙasan hoton. Duk wanda ya taɓa shan jan zagaye ya fito. Wani ya ɗaure fayil ɗin da kansa ya raba. Kafin yamma an fara turo hotunan motar tana ratsa tashoshi, ana rubuta, "A kauce, Baba na tafe." Wani ya gina kasuwa a ƙasan gangara musamman don ya ɗauki hoton.

Birki ya rubuta wa Injiniya shi kaɗai, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce a cire. Ya ce akwai yara a cikin waɗanda suka mutu.

"Haba Baba," in ji Injiniya. "Wasa ne kawai. Kai ma ai kana taɓa mutane. Ka bari ya huce da kansa."

Malama ce kaɗai ta rubuta a fili cewa wannan rashin imani ne, kuma duk mai dariya ya ji kunya. Aka sa mata ita ma fuskar dariya, wani ya tambaya ko an sa rana.

Birki ya ɓace daga zauren na 'yan kwanaki, har aka ɗauka ya sauko. Sai ga sanarwa daga gare shi, cikin ladabin da ba a san shi da shi ba: sabon ƙunshi ya fito, an gyara kurakurai da yawa, har da Motar Birki a ciki tunda jama'a na so. Kowa ya goge tsohuwar folda kafin ya sa sabuwa, kamar kullum. Kowa kuma ya kunna adanawa ta kai-tsaye, don sabon ƙunshin yana da nauyi.

Abin da ya yi a kwanakin nan shi ne ya bi fayilolin bayani ɗaya bayan ɗaya, ya canza wa kowane abu sunansa na ciki da harafi guda. Daga waje komai na nan yadda yake. Amma duk garin da aka buɗe da wannan ƙunshi zai nemi motocinsa da sunan da ya sani ya rasa, sai wasan ya zubar da su, da jirage, da tashoshi, da gadoji. Jim kaɗan kuma ya adana kangon a kan garin na asali. Abu ɗaya ya bari da sunansa, motar da aka yi don shi.

Ya tuna da Malama. Har ya ɗauki waya ya rubuta mata kada ta sa wannan ƙunshin. Sai ya yi tunanin halinta: ba za ta iya yin shiru ba, za ta gargaɗi zaure. Ya goge saƙon, ya kife wayar.

Washegari zauren ya kama da wuta. Mutane na buɗe garuruwansu suna tarar da tituna fayau, layin dogo ya yanke a bakin kogi, jama'a sun taru a inda tasha take a da. A wasu garuruwan ba abin da ke motsi sai lotsattsiyar motar nan. Birki ya zauna yana karanta zagi, ƙanen ya ce rabon da ya ga annuri a fuskarsa haka tun suna yara.

Da hantsi Malama ta kira. Ana jin ƙarar na'ura a bayanta.

"Malam Direba, ina jin na yi kuskure wajen sawa. Komai ya tafi. Gadar kogi ma babu. Ka faɗa min abin da zan danna."

"Kin ajiye kwafin garin a wani wuri?"

"Kai ka ce min ba sai na cika kwamfutar da tarkace ba."

"To ya tafi."

 Wata ma'aikaciya ta yi mata magana, ta amsa, sannan ta dawo.

"Da gangan ka yi?"

"Da gangan."

"Ka san zan sa. Ni ce ma ke fara sawa."

"Na sani."

"Me na yi maka?"

Yana da amsoshi da yawa da zai iya ba ta, har da haƙuri. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Wasa ne kawai, Malama."

Ta kashe wayar. Ba ta sake kira ba, shi ma bai kira ba. Daga baya wani ya rubuta a zaure cewa ta daina zuwa asibiti da kwamfuta, kwanciya kawai take yi ta kalli rufi har a gama.

Ramuwar ba ta yi nisa ba. Yawancin waɗanda suka yi masa dariya masu wayo ne, suna da kwafin garuruwansu a filashi. Mai Gada yana da tsohon ƙunshin gaba ɗaya. Cikin mako suka mayar da komai. Waɗanda suka yi asarar gaske su ne irin su Malama, da tsofaffi, da sababbin shiga, mutanen da ko sau ɗaya ba su sa masa baki ba. Injiniya ya kore shi daga zauren, ya ba Mai Gada riƙo. Mai Gada ya ci gaba da tsarin foldojin Birki da dokokinsa, bai canza ko ɗaya ba. Ya dai bi fayilolin motocinsa ya goge layin da ke faɗin wanda ya zana, ya rubuta sunan zaure a gurbin. Motar Birki kuma ta shiga ƙunshi a hukumance.

Labarin bai tsaya a intanet ba. Wani ya tura hoton motar ga mai sayar da caja, shi kuma ya zagaya da shi layin shaguna kaf. Aka fara leƙowa shagon ba don gyara ba. Ƙanen ya jure na ɗan lokaci, sannan wata rana ya rufe ƙofa da rana tsaka ya juyo.

"Yaya, na rufa maka asiri, ka je ka tone da hannunka. Yanzu mata na tsoron aiko 'ya'yansu nan. Na yi magana da 'yarka. Mijinta ya yarda."

"Kwamfutar fa?"

"Ta shago ce."

A ranar ƙanen ya wanke ta tas, da hotunan asali da fayilolin bayani da filin gwaji, ya sa mata sabon allo ya ajiye a kan kantar shagon don sayarwa.

Yanzu Birki yana gidan surukinsa, a ɗakin da ke jikin get, wanda aka gina don mai gadi. 'Yarsa na kawo masa abinci da kanta, ta tsaya daga ƙofa ta tambayi ƙugunsa, ta koma ciki. Surukin mutum ne mai fara'a, yana kiransa Baba, yana kuma rataye makullin motarsa a wuya ko wanka zai shiga. Ba wanda ya sa tsohon aiki. Shi ya ɗora wa kansa buɗe get da yamma. In ya buɗe sai ya ɗingisa ya koma bayan motar, ya ɗaga hannu.

"Taho. Taho. Karya hagu kaɗan. Miƙe. Tsaya!"

Motar na da kyamara a baya. Surukin allon gabansa yake kallo, gilashi a rufe, rediyo a kunne. Yakan tsaya inda ya ga dama, ya fito ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Baba," ya wuce ciki.